Daga Nyékonakpoè: Kafin yaro ya tafi aikin sa-kai, wa zai sauke shi?



A 'yan makonnin nan saƙonni uku suka shigo mini a kan magana ɗaya. Biyu daga iyaye mata ne, ɗaya daga wani ɗalibi da ya roƙe ni kada in faɗi unguwarsu. Maganar ita ce yaro yana jami'a, ya zo ya ce zai tafi Turai aikin sa-kai, abin da suke kira volontariya da Faransanci: wata shida ko shekara guda, babu albashi, ya taimaka a wata makaranta ko gidan tsofaffi, ya ga duniya, ya dawo. Iyayen suna tambaya ko abin gaskiya ne ko wata sabuwar dabarar gudu ce. Shi kuma ɗalibin yana tambayar yadda zai shawo kan mahaifinsa. Da yake maganar ta shigo har cikin gidanmu, domin ɗiyar ƙanena da ke Jami'ar Lomé tana kan shirin zuwa Jamus, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Mu dai ba a koya mana tafiya. Kakanninmu sun taka daga Kano da Katsina har Gwanja saboda goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, wasu suka gangaro Kete-Krachi, wasu suka iso bakin teku. Ko a nan Lomé ba a bar mu wuri ɗaya ba, tunda a 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari aka kwashe mutane zuwa arewacin birni. Yaron Nyékonakpoè kuwa tun yana ƙarami ake aikensa Aflao, ya tsallaka ƙasar Gana ya dawo kafin tuwo ya huce. Saboda haka idan Bahaushen Lomé ya ɗaure fuska a kan wannan tafiya, nisan hanya bai dame shi ba. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne tafiyar da ba ta kawo riba. Haka ƙanena ya sa ni gaba ya ce, "Yaya, don Allah ki fahimtar da ni. Ta je ta yi wa Bature bauta shekara guda cur, ta dawo da me? Ko kwantena ɗaya babu?"

Ban yi masa gardama a kan riba ba, don ban ga amfanin hakan ba. Na dai tuna masa abin da mahaifinmu ke fara tambaya duk lokacin da wani zai fita fatauci. Bai taɓa farawa da kuɗin mota ko farashin kaya ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa zai sauke ka?" A tsarin fatake mai masauki shi ne komai. Shi ke ba ka ɗaki, shi ke ajiye maka kuɗi, shi ke haɗa ka da mai saye, shi ke tsaya maka in an kai ka gaban hukuma, in ka kwanta ciwo shi ke aika wa gida. Baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa ake nema masa ɗan jagora tun bai tashi ba. To, ni a ganina da wannan tambayar ya kamata a auna duk wata tafiyar sa-kai, kuma ita ce ke raba ta gaskiya da ta 'yan damfara.

Hanyoyin gaskiya suna nan, kuma suna da ofis da ƙofa. A Togo akwai hukumar aikin sa-kai ta ƙasa, ANVT, wadda aka kafa a 2014 ta gaji shirin PROVONAT na 2011. Ita ce ke haɗa kai da France Volontaires, da ke da ofishi a nan Lomé, wajen tura matasan Togo Faransa su yi abin da ake kira Service Civique. Wannan tsarin Faransa ta kafa shi a 2010, ana yinsa wata shida zuwa goma sha biyu, kuma a ƙa'ida da an wuce shekara 25 an wuce shi. Jamus kuma tana da shirin Weltwärts da ta fara a 2008 don tura 'ya'yanta ƙasashe irin namu. Su ne yaran Turawan nan da kuke gani a bayan zemijan da jaka a goye suna neman motar Kpalimé. Daga 2013 aka buɗe ɗaya ɓangaren, wato matasanmu 'yan shekara 18 zuwa 28 su ma su je can. A nan Afirka ma akwai na ECOWAS da na Tarayyar Afirka, duka an ƙaddamar da su a 2010, sai dai su sun fi neman wanda ya gama karatu yana da sana'a a hannu. Akwai kuma gajeruwar tafiya ta mako shida zuwa takwas da ƙungiyar ɗalibai ta AIESEC ke shiryawa, wadda a cikinta ɗalibi ne ke biyan kuɗin jirginsa.

A manyan shirye-shiryen nan akwai ƙungiya mai turawa a nan gida, akwai mai karɓa a can, akwai kuma yarjejeniya a rubuce da ta faɗi inda yaro zai kwana, aikin da zai yi, awa nawa a mako, wanda zai biya inshorar lafiya, da ranar dawowa. Na ce wa ƙanena ya sa rigarsa ya je ofishin masu turawar da ƙafarsa, ai zuwa da kai ya fi saƙo. Ya je. Ya nemi a haɗa shi da wani da ya je ya dawo, aka haɗa shi da wani saurayi da ya yi shekara a gidan kula da naƙasassu, suka zauna kusan awa biyu. Ya dawo bai ce ya yarda ba, amma ya daina cewa bauta.

Ta bogin kuwa ba ta da mai masauki, lambar waya kawai take da ita. Za ku gan ta a WhatsApp ko Facebook da hoton matasa suna dariya a gaban dusar ƙanƙara. Za a ce guri ya kusa cika, a turo kuɗin buɗe fayil ta Flooz kafin Juma'a, kuma kada a gaya wa kowa saboda mahassada. Duk wanda ya ce wa ɗanka kada ya gaya wa iyayensa, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Kuma abin ya wuce asarar kuɗi. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da labarin 'yan matan Afirka da aka ja ta tallan intanet da sunan karatu da koyon aiki a Alabuga, yankin Tatarstan na Rasha, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. A 2025 ma'aikatar harkokin wajen Togo da kanta ta gargaɗi matasa su riƙa tantance tayin karatu a waje, bayan an sami 'yan ƙasar nan da suka tafi Rasha da sunan karatu suka ƙare a fagen yaƙin Yukren. Waɗannan ma da murna aka raka su filin jirgi.

Yanzu in zo inda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, mu 'yan Zongo, wato takardu.

Yaron da uwarsa da ubansa 'yan Aného ne ko Kara, ba ya sanin cewa takardar shaidar zama ɗan ƙasa abin wahala ce. Mu mun sani. Haihuwa a Lomé ita kaɗai ba ta ba ka nasiyonalite, sai an duba takardun uba ko na uwa. Gidaje nawa ne a unguwar nan aka haifi kaka a Togo, aka haifi uba a Togo, amma babu wanda ya taɓa zuwa ya karɓi takardar, saboda kasuwa ba ta tambaya? Ranar da yaro zai nemi fasfo a ofishin DGDN ranar ake gane ramin. Fasfon sefa dubu 30 ne, yana aiki shekara biyar, amma ba ya fita sai da takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa. Wanda kuma iyayensa suka riƙe takardun Nijar ko Najeriya, wannan ba laifi ba ne, amma ya sani tun da wuri cewa shirin da hukumar Togo ke turawa na 'yan ƙasar Togo ne. Ya tambaya ko takardarsa za ta shiga kafin ya ɓata wata uku yana cika fom.

Sai kuma bala'in rubuta suna. Malamin asibiti ya rubuta Aboubacar, na makarantar firamare ya rubuta Boubacar, katin uba da aka yi a Kano ya ce Abubakar. Mu a wajenmu duk mutum ɗaya ne, Habu ne dai. A wajen mai ba da biza mutum uku ne. Ɗiyar ƙanena harafi ɗaya ne ya bambanta tsakanin takardar haihuwarta da shaidar bak ɗinta, harafi ɗaya tak, amma gyaransa ya ci mata wata biyu da zirga-zirgar zemijan da ba ta ƙirguwa. An ce ta dawo Talata, ta dawo aka ce mai sa hannu ya fita, ta koma aka ce a kawo takardar uba ta asali. Wata rana ta shigo wajena ta zube a tabarma ta ce, "Gwaggo, wallahi Jamusancin ya fi wannan sauƙi." Na ce ta sha ruwa, gobe ma rana ce.

Don haka masu ƙananan yara, ku ji da kyau. A Togo kwana 45 ake bayarwa a yi rajistar jariri, kuma tun farkon 2022 kyauta ake yin takardar haihuwa. In aka wuce lokacin sai an bi ta kotu. Ranar suna ana yanka rago ana rabon goro, a samu mutum ɗaya mai karatu a ɗora masa zuwa ofishin rajista, kuma ya tsaya a kan mai rubutun har ya ga yadda aka rubuta sunan. Shekara ashirin gaba yaron zai yi masa addu'a.

Ɗalibi mai niyyar tafiya ya fara haɗa takardunsa shekara guda kafin lokaci. Abu ɗaya ne ba a gaggawarsa, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, domin wata uku take yi ta mutu. Katin allurar shawara kuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, saboda haka a binciko tsohon katin a ƙasan akwati kafin a sake miƙa hannu.

Maganar kuɗi tana da fuska biyu. Ta farko, ko da shirin ya ɗauki nauyin jirgi da masauki, akwai ƙananan abubuwan da ke cin aljihu: fasfo, hotuna, fassarar takardu, kuɗin biza in ba a yafe ba, da kuɗin koyon harshe. Mai zuwa Jamus zai so ya fara Jamusanci tun a nan, kuma cibiyar Goethe tana cikin garin nan. A zauna a rubuta lissafin a takarda kamar yadda ake lissafin kaya, a san abin da ke kan gida da abin da ke kan ƙungiya.

Fuska ta biyu ita ce wadda nake so iyaye su saurare ni a kanta. Mai Service Civique a Faransa yana samun Yuro ɗari shida da 'yan kai a wata. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, to in ka buga sai ka ga kusan sefa dubu ɗari huɗu. Da jin haka sai gida ya ɗauka an yi arziki. Inna ta ware nata, ƙane yana jiran waya, kawu ya tuna da rufin ɗakinsa. Alhali kuɗin nan a can na abinci ne da tikitin bas da sabulu, wani wurin har da haya. Na Jamus ma ɗan kuɗin kashewa ne da bai kai haka ba, tunda ana ba su ci da kwana. Yaron da aka ɗora wa aike duk wata, ɗayan biyu zai yi: ko ya riƙa kwana da yunwa yana ɓoyewa, ko ya shiga aikin bayan fage wanda takardar zamansa ba ta yarda da shi ba. Haka nan 'yan uwana masu harkar motoci a bakin tashar jirgin ruwa, na san halinku. Da an ji yaro yana Jamus sai a ce ya ɗan leƙa Hambag ya duba wata Toyota, ko ya tsallaka Beljiyam ya ga wani dila. Yaron nan yana da mai gida a can da ke jiransa ƙarfe takwas na safe. Ku bar shi.

Sai addini, wanda shi ne ainihin abin da ke hana iyaye mata barci ko da ba su faɗa ba. Tafiyar ɗiya mace ba tare da muharrami ba magana ce ta malamai, kowane gida ya je ga malaminsa, kuma ƙanena ya je ga nasa. Abin da ni zan ƙara shi ne a yi tambayoyin tun ana nan, a rubuce, ba tare da jin kunya ba. Gidan da za a sauke ta akwai maza baligai? Ɗakinta yana da makulli? Za ta dafa abincinta da kanta? Akwai masallaci ko shagon naman halal kusa, ko ƙauye ne da sai an yi awa guda a jirgin ƙasa? Turawan da ke wannan aikin sun saba da irin tambayoyin nan, kuma sun fi son a faɗa musu tun farko da a je ana ɓoye naman alade a cikin tsumma. Mai sa hijabi da za ta Faransa ta ƙara tambaya ɗaya. A can duk mai aiki a ma'aikatar gwamnati, har da makarantun gwamnati, ba a yarda ya sa alamar addini a bakin aiki ba, kuma wannan yana hawa kan 'yan sa-kai da aka tura irin wuraren. Ƙungiyoyi masu zaman kansu kowace da tsarinta. Gara ta san inda za a kai ta tun tana Lomé, da ta je ranar farko a tare ta a bakin ƙofa.

Wani abin sauƙi shi ne azumin 'yan shekarun nan yana faɗowa a watan Fabrairu da Maris, lokacin da yinin Turai bai yi tsawo ba. Amma a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a Jamus, azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushewa cikin lokacin aiki. Sai an roƙi wurin salla da minti goma tun makon farko.

Sanyi kuwa, wanda ya tashi a Lomé bai san shi ba. Ɗan hunturun da muke samu a Janairu har muna neman rigar sanyi, su a wajensu bazara ce. A je gwanjon kasuwar Hédzranawoé a zaɓi babbar riga mai kauri guda ɗaya da takalmi rufaffe, sauran a saya a can. Kuma iyaye mata, na san za a so a cika akwati da guzuri, amma kilishi da dambun nama da man shanu da wagashi ba sa shiga Tarayyar Turai a kayan matafiyi. Za a ƙwace a zubar, wani lokacin har da tara. Gari da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa su suka fi amfani, kuma akwati kilo 23 ne, ba buhun Asigame ba.

Ga shawarar da na ba ɗalibin da ya rubuto mini, wadda ita ce ta yi aiki a gidanmu. Kafin ka ce wa mahaifinka Turai, ka ce masa Kpalimé. Tafiyar kilomita 120 ce daga nan. A lokacin hutu ƙungiyoyi irin su ASTOVOT suna shirya zangon aiki na mako biyu ko uku, inda matasan Togo da na Turai ke kwana wuri ɗaya, su yi gini ko su koyar da yara, ranar hutu su hau Dutsen Agou, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan, mita 986. A nan za ka gane ko za ka iya tashi sallar asuba kai kaɗai a cikin mutanen da ba sa yi, ko za ka iya wanke kwanon da ba kai ka ci ba, ko za ka iya jure tambayar me ya sa ba ka shan giya sau goma ba ka yi fushi ba. Mahaifinka shi ma zai ga ka tafi ka dawo ranar da ka ce. Ɗiyar ƙanena ta yi mako uku a can bara. Ta dawo da kaushi a hannu da cizon sauro, amma ta dawo ranar Lahadin da ta faɗa, kuma na lura tun daga ranar ubanta ya fara sauraronta in tana magana.

Game da karatu, ni na fi son a gama lisans tukuna, ko aƙalla a je ofishin rajistar jami'a a ji yadda ake dakatar da shekara a hukumance, a karɓi amsar a takarda. Mun ga waɗanda suka tafi da shekara biyu a hannu suka dawo ba su san inda za su kama ba.

Akwai maganar da ba a son yi a fili, amma kowa yana yinta a zaure. Wasu iyayen da kansu ke raɗa wa yaro cewa in ya shiga kada ya fito. Ana ganin ai dama ce, biza ta samu a sauƙaƙe. To, ku san abin da kuke aika shi ya zama. Ranar da takardarsa ta ƙare ya koma mai ɓuya, ba aikin kirki, ba komawa makaranta, ba zuwa jana'izar uwa ko uba, shekaru yana raba ɗaki da mutum shida. Kuma ƙungiyar da ta tsaya masa a nan Lomé ita za a tuhuma, ofishin jakadanci ya ƙara tsanantawa, yaran da ke bayansa a layi a hana su. A zamanin fatake wanda ya ci amanar mai masauki ba kansa kaɗai ya rufe wa ƙofa ba, duk ɗan garinsu da ya zo bayansa sai ya kwana a waje. Wanda ya dawo a kan lokaci kuwa yana da harshe na uku ko na huɗu a bakinsa, da takardar shaidar aiki, da fasfo mai nuna ya shiga ya fita lafiya, wanda ke sauƙaƙa masa neman bizar karatu ko ta kasuwanci nan gaba. Gidan da ke sayo kaya daga Turai ya san darajar ɗan da zai ɗauki waya ya yi ciniki da Bajamushe da harshensa.

Ƙanena ya sa sharaɗi uku kafin ya sa hannu: a ba shi kwafin yarjejeniyar da na tikitin dawowa ya ajiye a akwatinsa, a ba shi lambar matar da za ta kula da ita a can, kuma a yi kiran bidiyo da mutanen gidan da za ta zauna kafin ta tashi. An yi kiran ranar Asabar da ta wuce. Ya sa babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ɗiyar tana fassara, ya tambaye su ko suna da kare. Suna da shi. Yanzu ana tattauna inda karen zai riƙa kwana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar kuɗin makarantar yara da yadda ake raba shi tsakanin uban da ke kan hanya da uwar da ke gida.